Ranar da Rigar Ciyaman Ta Ci Wuta

A Fagge in ka ce “shekarar gobarar Ciyaman”, ba wanda zai tambaye ka wace shekara ce. Da ita mata ke tuna haihuwa, sai ka ji ana cewa ai wance bayan gobarar Ciyaman aka yi sunanta. Gobarar nan kuwa ba ta ci gida ba, ba ta ci rumfa ba, ko kaza ba ta babbake ba. Riga ɗaya ta ci, ita ma daga baya.

Mai rigar, Allah ya ja zamaninsa, shi ne Malam Mijinyawa, akawu a wani kamfanin sayen gyaɗa da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Kada wani ya ji an ce akawu ya zaci ƙaramin mutum ne. Hatimin kamfanin a hannunsa yake, kuma a ganinsa ba don shi ba da dalar gyaɗa ta ruɓe a Kano ba ta ga Ikko ba. Yana da tabarau, ba na ciwon ido ba, na ilimi. Alƙaluma uku ne a aljihunsa, ɗaya na rubutu, biyun ’yan rakiya. In ya ɗauko kekensa da safe ba ya hawa sai ya tura shi har ƙarshen layi, don masu gaisuwa su samu ladansu cikin natsuwa.

Turanci kuwa, kai ka ce a Ingila aka binne cibiyarsa. Asalin abin wani ƙaton littafi ne da ya tsinta wurin masu sayar da tsofaffin takardu a Kasuwar Sabon Gari. Gara ta cinye bangon da shafukan farko, amma abin da ta rage ya ishi mutum zama babba. Jawabai ne a ciki na kowane irin taro: na tarbar gwamna, na buɗe sabuwar gada, na ta’aziyyar magajin gari, na ban kwana da kyaftin ɗin jirgin ruwa. Malam ya kama littafin nan yadda ya kama allo yana yaro. Bayan sallar asuba sai ya tanƙwashe ƙafa, ya yi ta rangaji yana biyawa, sai shafi ya zauna daram sannan ya wuce gaba. Wani abokinsa ya taɓa tambayarsa ma’anar abin da yake biyawa. Malam ya dube shi ta saman tabarau ya ce, “Kai a garinku tafsiri ake farawa kafin a sauke?”

To, a wannan zamani, da ake ta maganar mulkin kai, kowa ya ga alamar Turanci zai yi rana, akwai wata hira da ake yi duk Asabar bayan la’asar a Sabon Gari. Mutum biyu suka fara ta: Ernest, akawun reluwe mutumin Gabas, da Madam Comfort, ’yar mutanen Zariya, wadda ta taɓa koyarwa a makarantar mishan kafin ta buɗe shagon ɗinki. A gindin ceɗiyar ƙofar shagon ake zama, benci biyu da tabarma ɗaya. Masu zuwa ba su wuce mutum takwas ba, akwai masinja, akwai direba, akwai ɗan kamasho. Abin da ake yi ba shi da wuya. Kowa ya ba da labarin abin da ya same shi a makon da Turanci, komai lalacewarsa. A yi dariya, Madam ta gyara wa mutum maganarsa yadda take rage wa riga hannu, ba zafi ba gori, a wuce gaba.

Wanda ya fi kowa ɓarin baki a wurin shi ne Ari, wani Babarbare mai ɗinkin hannu a Fagge. Turancin Ari faci ne a kan faci. In zai ba da labarin yadda akuyarsa ta cinye zaren mutane, kalma ta ɓace masa, sai ya cike gurbin da hannu, in hannu bai isa ba ya yi kukan akuyar. Amma yana da wata ɗabi’a ta marasa girma: in bai gane ba sai ya ce bai gane ba, a maimaita masa. Mako na zagayowa za ka ji kalmar a bakinsa, ya ɗan karya mata ƙafa, amma tana tafiya.

Malam Mijinyawa ya ji labarin hirar, ya ga bai kamata a bar makafi su ja wa juna gora ba alhali yana gari. Ya je ya zauna Asabar biyu bai ce uffan ba, sai girgiza kai irin ta likitan da aka kira bayan an yi jana’iza. Asabar ta uku ya zo da ƙararrawar tagulla irin ta makaranta, ya sa aka fito masa da teburin yankan Madam, ya miƙe tsaye.

Ya ce, “’Yan’uwa, yau kaɗai zan yi muku Hausa, don tausayi. Abin da kuke yi a nan ba Turanci ba ne, hirar bakin rijiya ce. A Ingila ba a magana barkatai kamar kasuwar kaji. Akwai tsari, akwai shugaba. Na duba cikinku ban ga wanda zan ɗora wa wannan nauyi ba tare da na zalunce shi ba, saboda haka na haƙura na ɗauka.”

Haka aka zaɓi Ciyaman, da ƙuri’a ɗaya, babu hamayya.

Nan take ya shimfiɗa dokoki. Ta ɗaya, iyakar inda inuwar ceɗiya ta kai ba a Hausa, wanda ya yi ya koma bencin baya ya kama bakinsa har a tashi. Ta biyu, ba mai magana sai ya ɗaga hannu Ciyaman ya buga masa ƙararrawa sau ɗaya. Ta uku, in Ciyaman na tsaye ba a katse shi, ko sama za ta faɗo. In an ji ƙararrawa ta yi ta kaɗawa ba ƙaƙƙautawa, an tashi taro ke nan. Dokokin ba su da aibu, sai dai abu ɗaya: Ciyaman ba ya zama.

Za ka ce me ya sa suka yarda? Furfura ce ta ci. Madam ba ta iya kunyata babba, Ernest kuwa abin dariya yake ba shi, yakan ce ko a silima sai an biya ake ganin irin wannan. Ban da haka sun gano dabara. Sukan zauna su sha jawabin buɗe gada har ƙarshe, Ciyaman ya kaɗa ƙararrawa, ya tura kekensa ya tafi. Yana shan kwana sai hira ta ɓarke, a yi ta har a kira magariba. Ta haka kowa a gindin ceɗiyar nan ya yi shekara biyu yana jin Turancin da ake yi da mutane, ban da mutum ɗaya.

Ba wai ba a gwada jawo shi ba. Wata rana Madam ta tambaye shi da Turanci, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, yaya mutanen gida, me aka ci da rana. Malam ya gyara tsayuwa ya yi mata ta’aziyyar magajin gari, shafi biyu da rabi. Dalilinsa mai ƙarfi ne, ya kuma sha faɗinsa a Fagge: babba ba ya tuntuɓen harshe a gaban tela da mace. Masu iya magana dai sun ce girman kai rawanin tsiya, amma su ba su taɓa riƙe hatimi ba.

Ana nan sai kamfanin su Malam ya yi sabon manaja, wani dogon Bature da leburori suka raɗa wa suna Mai Lofe. Yana neman tafinta wanda zai riƙa binsa rangadin wuraren sayen gyaɗa, Ringim, Gumel, har Nguru. Aikin yana tafe da kaki, da kujerar gaban mota. Ernest, da suka haɗu a tasha a kan maganar taragu, ya ba shi labarin hirar Asabar. Mai Lofe ya ce madalla, zai zo da kansa ya saurara, in ya ga wanda ya yi masa a cikinsu, shi ke nan.

Labari ya iske Malam ranar Talata. Kafin Laraba Fagge kaf ta san an naɗa shi. Ya yi ban kwana da mutanen ofis, ya yafe wa waɗanda suka ɓata masa. Ya ce wa mai ɗakinsa ta rage shiga gidajen maƙwabta, matar tafinta ba ta aron maburgi. A majalisar ƙofar masallaci ya yi wa dattawa alkawarin in ya wuce a gaban mota zai riƙa ɗaga musu hannu, ba zai manta mafari ba.

Saura riga. Da ma akwai wata da ya bai wa Ari tun wata uku don Sallah, farar shadda da ya zaɓo da kansa a Kantin Kwari, aikin aska takwas. Ya je ya tsaya a kan Ari har aka cire allura ta ƙarshe ranar Juma’a. Ari ya ɗaga rigar yana kallo kamar mai aurar da ’ya, ya ce, “Malam, ka riƙe min ita da mutunci. Idona na hagu a cikinta ya ƙare.”

Malam ya ce, “Yau ɗinkinka ya samu jikin da ya dace da shi. Af, gobe kuma ka taimake mu da azumin magana. Bencin baya za ka zauna tun farko, kada ka yi wa baƙo kukan akuya.”

Akwai kuma maganar shayi. Malam ya ji an ce Turawa ba sa wuce ƙarfe huɗu ba su sha shayi ba, ya kuma ƙudura da hannunsa zai zuba. Ya sa Madam ta cika kasko da garwashin dutsen gugarta, a ɗora buta, a ajiye dab da bayan teburinsa. Madam ta ce, “Baba Ciyaman, a ɗan matsar da shi jikin bango mana, wurin nan da iska.”

Ya ce, “Madam, ke da allura, ni da Turawa.”

Asabar ta zo. Malam ya iso da kwat a ciki, da lakatai ya shaƙe masa wuya, riga a sama tana ɗaukar ido, jar dara a karkace. Mai Lofe ya zo da gajeren wando, ya bi kowa ya ba shi hannu, ya samu gefen benci kusa da direba ya zauna, ya kunna lofensa. Shi hira ya zo ji. Bai san an tanadar masa gwamna ba.

Ƙararrawa ta yi ƙara sau ɗaya, Ciyaman ya ba kansa izini. Ya ɗauko jawabin tarbar gwamna, wanda ya fi kowanne zama a kansa, ya saki murya. Ga abin da yake cewa, in an mayar da shi Hausa: “Ya mai girma, mai daraja, a madadin mazauna wannan gari namu na bakin teku, da masunta, da matuƙan jiragen ruwa, muna yi wa jirginka barka da kawowa gaɓarmu lafiya, bayan gwagwarmaya da igiyoyin ruwa!”

Mai Lofe ya cire lofe daga baki. Ya dubi gabas, ya ga jaki da mangalar yashi. Ya dubi yamma, ya ga mai tallar rake. Ya dubi Ernest. Ernest ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa.

Malam ya ga Bature ya rasa ta cewa, ya san jawabi ya kama shi. Sai ya ƙara wuta, ya ja da baya taku biyu don murya ta samu fili, ya yafa hannun riga a kafaɗa irin na manya. Gindin rigar ya sauka a kan kasko, ya zauna lafiya lau.

Madam ce ta fara gani. Ta buɗe baki, ta tuna doka ta uku, ta ɗaga hannu. Ernest ya ɗaga. Direba ya ɗaga, masinja ya ɗaga biyu. Malam ya hango hannaye kamar gonar dawa, ransa ya ɓaci. Ya ce a zuci, ga hassada a fili, yau ɗaya da Allah ya kawo rabona kowa yana so ya tsoma baki. Ya watsa musu harara ya ci gaba da yabon masunta. Ƙauri ya tashi, ya shaƙa, ya ce a ransa lallai tabar Turawa akwai ƙarfi.

Mai Lofe, da bai san dokoki ba, ya miƙe ya nuna da lofensa, ya faɗa da Turanci, kalmomi huɗu ko biyar, irin waɗanda ko Ari na bara zai gane, cewa rigarsa na cin wuta. To, tunda Malam yake, ba a taɓa yi masa Turancin da ba ya cikin littafi ya tsaya ya saurara ba. Abin da ya sani shi ne, in babban baƙo ya yi magana a tsakiyar jawabi, yabo ne, kuma littafi ya tanadi amsa. Ya dafa ƙirji, ya rusuna har ƙasa, ya ce ba su cancanci wannan karamci ba. Rusunawar nan ta ƙara tura shadda cikin garwashi.

Ernest ya yi ta maza ya faɗa da Turanci. Malam ya buga tebur ya ce, “Oda!”, wato a yi shiru.

Ari daga bencin baya ya miƙe tsaye, ya kwaso duk facin Turancin da yake da shi, wuta, riga, baya, ruwa, yana faɗa yana nuni. Malam ya ce, “Oda! Oda!”

Ari ya ga harshen wuta ya kama aska ta farko. Nan doka ta ɗaya ta karye. Ya kwarma ihu da Hausarsa ta Barebari, “Malam, don girman Allah, wuta na cin aikina! Wata uku! Idona!”

Malam ya dakata. Ya juyo a hankali, ya dubi Ari da baƙin cikin uban da ɗansa ya kunyata shi a gaban surukai. An yi Hausa a ƙarƙashin ceɗiya, a gaban Bature. Ya ɗaga yatsa zai nuna masa bencin baya, sai ya ga ai can yake. Yana cikin tunanin hukuncin da ya fi wannan, wuta ta gama da shadda, ta ratsa kwat, ta yi wa wando sallama.

Waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa zaton mai furfura zai iya tsalle haka ba. Ya yi sama da ƙararrawa a hannu, tana ta kaɗawa, ya dire yana zagaya ceɗiya yana kururuwa da Hausa tsantsa, irin wadda aka goya shi da ita: “Wayyo Allah! Wayyo Inna! Ruwa, jama’a, ruwa! Za ku tsaya kuna kallona ne, ’yan banza?”

An ce in ka ga gemun ɗan’uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, amma Ari bai tsaya ta gemunsa ba. Ya suri bokitin da ya fi kusa, wanda Madam ta jiƙa bula a ciki don fararen kaya, ya sheƙa wa Ciyaman tun daga dara har takalmi. Direba ya bi da tabarma ya danne. Wuta ta mutu. Da aka ɗaga tabarma sai ga Malam shuɗi fes, kamar an tsamo shi daga marina. Jikinsa bai yi wani rauni ba, ɗan tabo ne a inda ba a nuna wa mutane, wanda ya sa ya yi mako biyu yana buga hatimi a tsaye.

Da ƙura ta lafa, Mai Lofe ya tambaya, cikin mamaki, me ya sa mutum takwas suka ga wuta suka ɗaga hannu maimakon su yi magana. Madam kunya ta hana ta. Ernest dariya ta hana shi. Ari kuwa zuciya na cinsa, yana riƙe da guntun aska takwas da ya tsira, sai ya tsunduma ba da amsa da Turancinsa na faci. Ya ba da labarin ƙararrawa, da dokoki uku, da bencin baya, da wata ukun da ya yi yana huda yatsa. Inda kalma ta ƙare ya sa hannu, ya kwaikwayi rusunawar, ya kwaikwayi tsallen. Bature ya yi dariya har lofe ya faɗi. Ya yi tambaya, Ari ya amsa. Ya sake wata, Ari ya ce bai gane ba, a maimaita. Aka maimaita, ya amsa, har shi ma ya tambayi Baturen ko a garinsu da gaske haka ake taro. Suka yi ta yi har rana ta yi ja.

Malam yana tsaye gefe, bula na ɗiga daga gemunsa, yana gyaɗa kai a duk inda ya ga Bature ya gyaɗa. Da suka yi ban kwana ya ce wa masinja a hankali, “Ka gani ko? Ari haƙuri yake ba shi a madadina. Yaron yana da ladabi, zan tuna da shi in na kama aiki.”

Ranar Litinin aka aiko kiran Ari. Ranar Alhamis motar kamfani ta ratsa Fagge za ta Ringim, Ari a kujerar gaba cikin kakin da ya ɗinka wa kansa. Da suka zo ƙofar masallaci ya ɗaga wa dattawa hannu, har da Malam, wanda a lokacin ya duƙufa yana duba sarƙar kekensa, sarƙar da ba abin da ya same ta.

Hirar Asabar ta koma yadda take, kowa na tuntuɓe ana ɗaga shi. Madam ta aika wa Malam har sau biyu cewa wurinsa na nan a benci, ya zo a yi hira kawai. Ya aiko da amsa cewa likita ya hana shi zama inda ake karya Turanci.

Bayan Sallah, Ari ya dawo daga rangadi ya iske majalisa ta cika. Ya durƙusa ya gai da kowa, sannan ya juya wurin Malam, fuska ba alamar dariya, ya ce, “Allah ya gafarta Ciyaman, wata fatawa ce ke damuna. Ni na yi Hausa a ƙarƙashin ceɗiya, na karɓi laifina. To, wanda ya kira Innarsa fa, yana zagaya ceɗiyar, da wane harshe ya kira ta? Shi wane benci zai koma?”

Dattawa suka fashe da dariya, har liman ya rufe baki da hannun riga. Malam Mijinyawa ya bari suka gama. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

Ya ce, “Kun ji irin jahilcin da nake gudu ke nan. Ku tambayi duk wanda ke wurin, me ya fara ji, kururuwa ko ƙararrawa? Ƙararrawa ce. Tun ina sama na tashi taro. Abin da mutum ya faɗa bayan an tashi taro kuwa, ko a Ingila ba a rubuta shi.”